Auduga a Takalmin Rawa

'Yata tana da shekara huɗu da 'yan watanni ta fara tafiya a kan yatsun ƙafa. Ba ciwo ba ne, mun duba. Wani bidiyo ta gani a wayata, yara mata ƙanana cikin kaya ruwan hoda suna juyi, shi ke nan ta daina taka ƙasa kamar mutane. Daga kicin zuwa falo a kan yatsu, daga falo zuwa banɗaki a kan yatsu, hannuwa sama kamar mai tallan da aka sace wa faranti.

Lokacin zafi ne, irin wanda ko baranda ba ka leƙawa. Flat ɗinmu a Qusais, nan Dubai, ɗaki ɗaya ne da falo, hawa na uku. Yarinya ta dawo daga nursery ta wuni a ciki, daga ita sai AC. Sau biyu tana ture fankar tsaye wajen juyi, na biyun sai da muka ɗaure wuyan fankar da salatif.

Ranar nan na samu mijina a falo yana danna laptop.

"Yallaɓai, akwai ajin ballet na yara a Al Quoz."

"Ajin me?"

"Rawa. 'Yan shekara uku zuwa biyar. Mata ne zalla, malamar ma mace ce, iyaye na zaune suna kallo ta gilashi."

"Madam, mu da muka zo neman abinci, ke kuma kin koma neman 'yar rawa?"

"To ka ba ta filin da za ta yi gudu."

Ya kalli falon, taku biyar ne daga bango zuwa bango. Ya kalli fankar. "Khalas, ku je. Amma ke za ki faɗa wa Hajiya, ba ruwana."

Hajiya mahaifiyata ce, tana Kano. Na tura mata voice note mai tsawo, na yi ta kewaye-kewaye, lafiyar ƙashi, tsayuwar baya, likitoci ma suna so. Amsarta ba ta kai minti ɗaya ba. "Motsa jiki ne dai ko? To Allah ya taimaka. A sa mata wando a ciki."

Makarantar ta turo ƙa'idojinta ta WhatsApp. Asabar huɗu na farko gwaji ne. Bayan su malama za ta faɗi wadda za ta ci gaba da wadda za ta jira sai baɗi, don wai wasu yaran ƙafarsu ba ta gama ƙwari ba, kuma ba sa son a takura wa yaro. Sai jerin kaya: riga mai kama jiki, doguwar safa, a ɗaure gashi, da takalmin ballet. Na karanta wa 'yata duka, har da zancen gwajin, don ni ba na ɓoye mata abu. Ta ce, "Momi, ni zan ci gaba." Na ce inshallah.

Unguwar Karama muka je sayen kayan, wani ɗan shago a lungu da ke sayar da kayan makaranta da na wasanni. Mai shagon, wani dattijo ɗan Indiya, ya zaunar da ita a kan kujera ya auna ƙafarta da abin awo, ya ɗauko takalmin. Ashe abin ba takalmi ba ne yadda muka san takalmi. Fata ce laushi kamar safa, ba dunduniya, sai roba guda a sama da ɗan zare a baki. Ya sa mata, ya zauna cif.

Na durƙusa na danna babban yatsana a gaban takalmin. Ba wuri. Yatsunta ne har ƙarshe.

"Kawo na gaba da shi," na ce. Ya kawo. Na danna, wuri kaɗan. "Ƙara ɗaya."

"Madam, no," in ji shi, yana girgiza kai. Ya yi mini bayani wai wannan takalmin haka ake sa shi, ya kama ƙafa kamar fatar jiki. Na yi masa murmushi. A raina na ce, na gane ka baba, so kake bayan wata uku in dawo in sake saye. Ni 'yar Kano ce, ba a yi mini wannan.

Tunda nake a duniya, ban taɓa sa takalmin da ya yi mini daidai ranar da aka saye shi ba sai da na fara ɗaukar albashi. Duk sallah Hajiya za ta kai mu kasuwa ni da ƙanwata, ta sa mana takalmi, ta danna yatsa a gaba. In yatsanta bai shiga ba, ba a saya. A gida a yayyaga jarida ko a samo auduga a cusa. Shekarar farko kina jan ƙafa, ta biyu ya yi daidai, ta uku ya koma wa ƙanwa. Ba talauci ba ne, muna da rufin asiri. Haka dai ake yi, kuma a wajenmu uwar da ta sayi takalmi cif-cif ba ta san ciwon kanta ba. Don haka na fito daga shagon nan da takalmi lamba biyu sama da ƙafar 'yata, ina jin kaina wata babbar mace. A gida na ɗauko audugar goge fuska na cusa a gaba, na ja zaren bakin na ɗaure. Ya zauna. Ta yi ta tsalle a kan kafet, ba abin da ya faru.

Ajin yana cikin wani tsohon sito ne, tsakanin garejin gyaran mota da wajen masu kafinta. A waje manyan motoci na sauke kaya, ƙarar injin yanka katako, ƙura. Kina tura ƙofa sai sanyi da ƙamshi da kiɗan piyano. Ɗakin rawar dogo ne, ƙasan katako mai sheƙi, madubi bango guda, ga sandar da suke riƙewa an sauko da ita daidai tsayin yara. Mu iyaye muna wani ɗan falo a bayan gilashi. Larabawa, 'yan Indiya, 'yan Filifin, Turawa biyu, sai ni. Kowa da kofin kofi da waya a sama tana jiran ɗaukar bidiyo.

Ina cikin gyara wa 'yata kitso, ina ce mata ta tsaya mana, sai na ji an ce daga bayana, "Ei! Hausa nake ji?"

Wata mata ce, za ta yi sa'ar ƙanwar mahaifiyata ta ƙarshe, sanye da rigar aiki da ɗan kwali, riƙe da mofa. 'Yar zangon Kumasi ce, ita ke share wajen, ita ke kai yaran banɗaki, ita ke nemo safar da ta ɓata. Muka gaisa kamar mun shekara da sanin juna. Daga ranar na fara ce mata Anti, ita kuma ta ce mini ƙanwata.

Malamar siririya ce doguwa, daga ɗaya daga cikin ƙasashen nan masu sanyi, tana tafiya kamar an ja ta da zare daga tsakar ka. Ba ta da faɗa. Ajin ma rabinsa wasa ne: ku zama malam-buɗe-littafi, ku zama bishiya, ku yi tafiyar sarauniya, ku tsallake kududdufi. Yara sha biyu suna bin ta, wata na kuka tana neman uwarta, wata ta kwanta a ƙasa ta ƙi tashi, wata ta tsaya gaban madubi tana yi wa kanta gwalo. Na yi dariya har da hawaye.

'Yata ba ta yi kuka ba, ba ta kwanta ba. Duk abin da aka ce tana yi da gaske, har da cije leɓe. Amma da aka zo tsallake kududdufi sai ta zame ta faɗi. Ta tashi. Aka zo tsayuwa da ƙafa ɗaya, kowa ya ɗan tsaya, ita ko ƙirga biyu ba ta kai ba. Kuma kanta kullum a ƙasa, tana kallon ƙafafunta.

Da aka tashi malamar ta zo wajena, ta ce da Turanci yarinyar tana da ƙoƙari, amma takalmin ya yi mata yawa, a canza. Na ce, "Okay, no problem, inshallah." Irin inshallah ɗin da kowa ya sani.

Na koma gida na ƙara auduga. Wannan karon da fasaha na yi, na mulmula ta daidai siffar gaban takalmin, na ɗinke robar sama ta ƙara matsewa. Kina gani za ki rantse sabo ne daidai ƙafarta. Na nuna wa mijina, ya ce, "Injiniya!" Asabar ta biyu malamar ta kalli ƙafar daga tsaye ta ɗaga mini babban yatsa. Na ce a raina, ka ji, dama fitina ce irin ta mutanen Dubai, abu kaɗan a jefar a sayi sabo.

Ta faɗi sau biyu ranar. Asabar ta uku sau uku, ɗaya har ta bugi gwiwa. Abin da ya fi damuna ba faɗuwar ba ce. Yarinyar da ke ture mana fanka ta fara rawa a hankali kamar mai tafiya a kan santsi, tana bin bango, tana bari kowa ya wuce kafin ta taka. A gida ma ta rage hawa kan yatsu. Ni kuwa ko sau ɗaya tunanina bai je kan takalmin ba, don a wajena an gama da wannan maganar. Har na fara cewa ko gadon dangin babanta ne, don su duk ba su iya rawa ba, na gani a bikinmu.

Bayan aji na uku malamar ta ja ni gefe. Cikin ladabi ta yi maganar. Ta ce yarinyar tana so, kowa na gani, amma har yanzu ba ta iya riƙe jikinta a tsaye ba, kuma tana tsoron kar ta ji ciwo ko ta tsani abin gaba ɗaya. Za ta sake dubawa Asabar mai zuwa, amma in shirya, wataƙila sai baɗi. Na ce na gode. Na juya sai ga 'yata a bayana riƙe da gorar ruwanta. Turancinta ya fi nawa, ta ji komai.

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a benci ta fara cire takalmin da kanta, ta ce a hankali, "Momi, ina ƙoƙari fa."

"Na sani, 'yar albarka."

"In na yi ƙoƙari sosai sosai za ta bar ni?"

Ta ja takalmin ya fita, dunƙulen auduga ya faɗo ƙasa ya gangara har gaban mofar Anti.

Anti ta tsaya. Ta sunkuya ta ɗauka, ta juya shi a hannu. "Ei. Ashe ke ce."

"Ni ce me, Anti?"

"Sati uku ina share auduga a ɗakin nan. Na ce wa ke jinya a cikin yaran? Na duba ƙafar kowa ban ga ciwo ba." Ta miƙo hannu. "Ba ni takalmin."

Na ba ta. Ta zaro sauran audugar, ta zaro, ta zaro, kamar mai fiɗar kaza. Ta ɗora takalmin a tafin ƙafar yarinyar, ya wuce da kusan yatsu biyu. Ta kalle ni, na kalli bango.

"Ƙanwata, sallah za ta je da shi?"

"Anti, yara fa girma suke yi. Wata uku ne ya matse ta."

"To ya matse ta mana! Ke da kuɗinki kika kawo ta ta koyi rawa ko ta koyi riƙon takalmi?" Ta kama ƙafar 'yata ta nuna mini yatsun, duk sun lanƙwashe ciki, sun yi ja. "Kin gani? Da yatsun take riƙe shi kar ya fita. Wanda ke riƙe da kaya da ƙafa, da me zai tsaya?"

Na fara cewa ai mu haka aka yi mana kuma ga mu nan. Ta ce ita ma haka aka yi mata, har da tsumma, kuma ita ma haka ta yi wa nata 'ya'yan a Kumasi. "Amma mu makarantar allo muke zuwa da shi, mu cire a bakin ƙofa. Wa ya ce mu tsaya da ƙafa ɗaya?" Sai ta zare silifas ɗin aikinta, wasu manya na roba, ta tura mini. "Sa. Sa mana, ina ce ke gwana ce. Yalla, ɗaga ƙafa ɗaya, ki yi tsalle."

Iyaye ba su gama watsewa ba. Na cire takalmina na zura ƙafa a nata, na ɗaga ɗaya, na yi ɗan tsalle. Silifas ya yi gaba, ni na yi gefe, sai da na kama kafaɗar wata Balarabiya. Matar ta ce, "Shwaiya shwaiya, habibti!" wato in bi a hankali. 'Yata ta fashe da dariya, irin dariyar da na kwana biyu ban ji ba, har tana buga benci.

Kunya ta kama ni, ba ta tsallen ba. Mai shago ya faɗa mini, malama ta faɗa mini, duk na ɗauka wayo za a yi mini. Yarinya ta yi sati uku tana faɗuwa tana tashi, tana ganin laifinta ne.

Anti ta shiga wani ɗan ɗaki ta fito da kwali cike da takalman da yara suka bari, wasu an manta, wasu sun yi kaɗan iyayen suka ce a ba wani. Ta zauna a ƙasa ta dinga gwadawa har ta samu guda biyu da suka zauna. Ba ma tare aka saye su ba, ɗaya ya fi ɗaya haske. Hannuna ya tafi da kansa zai danna gaban, ta buge shi.

"Kar ki soma."

"Anti, dubawa kawai zan yi."

"Duba da ido."

A mota na ba 'yata haƙuri. Na ce mata ba ita ba ce, takalmin ne, kuma ni na saya da girma. Ta ce, "Don me?" Na ce don ta daɗe tana sawa. Ta ce, "Amma ai yanzu nake so in sa." Na ce haka ne.

Da na ba mijina labari sai da ya ajiye cokali don dariya. Ya ce shi dama ya ga abin bai yi ba. Na ce, "Yallaɓai, kai ka ce mini injiniya." Ya ce ai injiniyoyi ma gini na rushe musu. Hajiya kuwa da na faɗa mata, cewa ta yi, "Takalmi cif-cif? Ikon Allah. To ku dai kuka san garinku." Har yau ba ta yarda ba, kawai ta bar maganar ne.

Satin nan mun naɗe kafet ɗin falo muka jingine, don ta saba da taka tayil da sabon takalmin. Ban koya mata komai ba, me na sani? Ina kicin ina jin ƙafafunta, ɗis ɗis ɗis, sai kuma shiru, sai ta kira, "Momi ƙirga!" In leƙo in same ta da ƙafa ɗaya a sama. Ranar Talata mun kai huɗu. Ranar Alhamis shida, da ɗan maguɗi, don ina jan ƙirgar da sauri in na ga tana tangaɗi.

Asabar ta huɗu na isa da wuri, na samu malamar kafin yara su shiga. Na faɗa mata gaskiya, takalmin da ta ce a canza ban canza ba, auduga na ƙara. Ta buɗe ido, ta rufe baki da hannu, na ga tana ƙoƙarin kar ta yi dariya. Ta ce ta shekara tana koyarwa, ta ga manyan takalma iri-iri, amma ba a taɓa ɓoye mata ɗaya da kyau haka ba. Ban san ko yabo ba ne, na dai ce thank you.

Ban ɗauki bidiyo ba ranar, wayar na jaka. Anti ta jingina mofarta ta tsaya kusa da ni a jikin gilashi, wai tana goge shi.

Ba wani abin mamaki 'yata ta yi ba. Da aka ce a juya dama ta juya hagu ta yi karo da wata 'yar Filifin, su biyun suka zauna a ƙasa suna dariya. Wajen tafiyar sarauniya ta wuce kowa da sauri kamar za ta kama bas. Amma kanta a sama yake, tana kallon malama, tana kallon kanta a madubi. Da aka zo kududdufi ta ja baya, ta ruga, ta tsallake, ta dira da ƙafa biyu ta tsaya cak. Ta tsaya tana mamakin kanta, har sai da ta bayanta ta ture ta.

"Ato," in ji Anti, ta ɗauki mofarta ta tafi.

Aka buɗe ƙofa suka fito da gudu. Ta faɗo jikina duk gumi, kitson gaba ya warware, tana haki.

"Momi! Ina jin ƙasa! Ƙasan ɗakin nan sanyi gare shi, kin sani?"

Ban sani ba. Na ce mata ban sani ba.

Malamar ta fito da 'yar takardarta tana bin iyaye ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kanmu ba ni ta kalla ba, durƙusawa ta yi daidai tsayin yarinyar ta ce mata sai Asabar, ƙarfe goma, kar ta makara. 'Yata ta gyaɗa kai da muhimmanci kamar wadda aka ba aiki a ofis. Sai da malamar ta wuce ta juyo ta tambaye ni da Hausa, a kunne, ko hakan na nufin an bar ta. Na ce an bar ta. Ta ce to tana jin yunwa.

Muka tsaya a kafteriyar da ke bayan garejin, na saya mata paratha, burodin Indiyawa, da ƙwai, ni na sha shayin karak. Muna zaune a mota AC na busawa, makanikai na wucewa da kayan aikinsu, ita tana ci tana ba ni labarin wadda ta ture ta, wai yanzu ƙawarta ce, amma ba ta san sunanta ba tukuna.